Zanen gidan Legas a fulotin Kano: me ya sa mai zane ya ce sai an sake shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da fuloti a Rijiyar Zaki. Ƙanina da ke aiki a Legas ya ba ni zanen gidansa kyauta, gida ne mai kyau, falonsa gilashi ne tun daga ƙasa har sama. Mai zanen da na kai wa don ya shigar mini da shi neman izinin gini ya ce sai an sake masa fasali, wai yanayin Kano daban ne, kuma akwai ƙa'idar tattalin wuta a gine-gine. Gaskiya ne, ko hanyar cin kuɗi ce? Ai ni a ganina zafi zafi ne, ko a Legas ko a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya sanya alheri, ya sa a gama lafiya a shiga lafiya. Mai zanenka bai cuce ka ba. Da ya so cin kuɗinka a sauƙaƙe, da sai ya buga hatiminsa a kan zanen yadda ka kawo shi, ya karɓi ladansa, ya bar ka da watan Afrilu.

Bari mu fara da maganarka ta ƙarshe, don a nan ne kuskuren yake. Zafin Legas da na Kano sunansu ne kawai ɗaya. A Legas da wuya rana ta wuce digiri 33 ko 34, amma da dare ma ba ta sauka sosai, kuma iskar cike take da laimar teku. Mutum zai yi ta zufa, zufar ta ƙi bushewa, riga ta manne a baya. Abin da jiki yake nema a can shi ne iska mai kaɗawa, shi ya sa gidan da ya dace da Legas yake son manyan tagogi masu fuskantar juna, da bango mara nauyi wanda ba ya riƙe zafi, da rufi mai gangara saboda ruwan saman da ke haura milimita 1,500 a shekara. Mu kuwa a nan, a watan Afrilu rana takan kai digiri 40 har ta wuce, a Fabrairu da Maris laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, leɓe ya tsage, wanki ya bushe kafin a gama shanya. Sannan ga abin da Legas ba ta da shi: darenmu yana sanyi. A yawancin rani, tsakanin zafin azahar da sanyin asuba akwai tazarar digiri 15 ko fiye. A watan Janairu asuba takan sauka wajen digiri 13, ka ga mutane sun kewaye mai shayi kowa da rigar sanyi. Wannan tazara dukiya ce ga mai gini a Kano. Gidan da ya iya kama sanyin dare ya riƙe shi zuwa la'asar ya rage wa mai shi rabin wahala. Zanen ƙaninka ba a yi shi don haka ba, domin a Legas babu sanyin daren da za a kama.

Wannan bambanci shi ne tushen yawancin dokokin tattalin makamashi a gine-gine a duniya. Galibi kafin a rubuta wa magini lamba ko ɗaya, sai an raba ƙasa shiyya-shiyya bisa yanayi. Yadda ake yi shi ne a ɗauki wani ma'auni, a ce digiri 18, a riƙa ƙirga yawan digirin da matsakaicin zafin kowace rana ya ɗara shi ko ya gaza shi, a tara na shekara guda. Ranar da matsakaicinta ya kai 33 ta ba da 15 ke nan a lissafin sanyayawa. Garin da jimillarsa ta yi yawa a ɓangaren zafi, dokarsa za ta matsa a kan inuwa da rufi da gilashi. Wanda tasa ta yi yawa a ɓangaren sanyi, dokarsa za ta matsa a kan toshe duk kafar da ɗumi zai tsere. Amurka ta raba ƙasarta shiyya takwas, ta kuma ƙara harafi da ke nuna ko wurin mai laima ne ko busasshe. Mayami tana shiyyar 1A, zafi da laima, ƙanwar Legas ke nan. Finiks ta jihar Arizona tana 2B, zafi da bushewa, ita ce ta fi kama da mu. Tsakiyar Alaska tana 8, inda ake jibga abin tare sanyi a bango kamar ana naɗe jariri. Indiya, a dokarta ta 2007, shiyya biyar ta yi, kuma a ciki akwai wadda ta kira mai gauraye, inda ta sa birnin Delhi: rani mai ƙuna, damina mai laima, hunturu mai sanyi. Na daɗe ina ganin wannan suna ya fi dacewa da Kano fiye da a ce mata busasshiya kawai, kuma zan dawo kan dalili.

A Najeriya, a 2016 Ma'aikatar Wuta da Ayyuka da Gidaje ta Tarayya, da tallafin hukumar GIZ ta Jamus, ta fitar da jagora kan tattalin makamashi a gine-gine, wanda ya bambanta shawarar da ake ba mai gini a yanki mai zafi da bushewa da ta mai gini a yanki mai zafi da laima. A 2017 aka ƙaddamar da ƙa'idar kanta, lokacin Babatunde Fashola yana minista. Ita mai zanenka yake nufi. Abubuwan da ta nema ba su da yawa. Kada tagogi su wuce kashi 20 cikin ɗari na faɗin bango, in sun wuce sai an yi musu inuwa. A sa abin tare zafi a rufi wanda ƙarfinsa bai gaza 1.25 ba a ma'aunin da injiniyoyi ke kira R. Kada fitilun gida su ci fiye da wat 6 a kowace murabba'in mita, na ofis kuwa 8. Na'urar sanyaya ɗaki ta zama mai inbata, wadda a duk awon wuta ɗaya da ta ci za ta fitar da aƙalla awo 2.8 na zafi. Harkar izinin gini a hannun jihohi take, a nan Kano hukumar KNUPDA ce ke duba zane, don haka ƙa'idar tarayya tana samun haƙora ne idan jiha ta ɗauke ta. Shawarata ita ce, ko an tambaye ka ko ba a tambaye ka ba, ka bi ta, domin kai ne za ka kwana a ɗakin.

Sai dai ka riƙe wannan: waɗannan lambobi mafi ƙarancin abin da ake nema ne a ƙasar da ta haɗa Fatakwal mai ruwan sama sama da milimita 2,000, da Jos da ke kan tudu mai tsayin mita 1,200, da Kano, da Maiduguri. Mai gini a Jos zai iya tsayawa a kansu ya zauna lafiya. Mai gini a Kano ya kamata ya wuce su, musamman a rufi.

Rufi ne babban abokin gabarmu, kuma a nan na fi son ka kashe kuɗinka. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, rana tana bi ta kan mu kusan a miƙe. Sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da ƙarshen Agusta, takan tsaya daidai tsakar ka da azahar har inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. A gida mara bene, rufi ne yake shan mafi yawan wannan rana. Baƙin kwanon nan mai yashi-yashi da ake yayi yanzu, da tsakar rana yakan haura digiri 70. Bara aka kira ni wani sabon gida a wajen Danbare, mai gidan yana kukan esi biyu a falo amma falon ya ƙi sanyi. Na sa tsani na ɗaga murfin silin na tura kaina. Ban iya yin minti ɗaya ba, hucin da ya bugi fuskata irin na bakin tanderun gurasa ne. Tsakanin wannan huci da kan iyalinsa babu komai sai siririn fallen silin. An kuma zagaye rufin da farafet an toshe ko'ina saboda ado, babu ko kafa ɗaya da zafin zai fita. Mutumin ya kashe miliyoyi a tayil da fitilun ado, abin tare zafi kuwa ko a lissafin kayan aiki babu shi.

Lambar nan 1.25 kada ta tsorata ka. Kaurin inci biyu ne na audugar gilashi, ko na farin soson nan irin wanda ake sako firji da talabijin a cikinsa, a shimfiɗa a kan silin ba tare da barin giɓi ba. A Kano ni inci huɗu nake rubutawa idan aljihu zai ɗauka. Ka haɗa da kwano mai haske, fari ko ruwan madara, da takardar ƙyalli a ƙarƙashinsa, da ƙananan kafofi masu raga a gefe da ƙololuwa don iskar cikin rufin ta riƙa fita. Idan dakin, wato rufin kankare, za ka zuba, to abin tare zafin a samansa ake sa shi, ta wajen rana. Dakin tsirara yini yake yi yana shan rana, ya kwana yana amayar da ita a kan masu barci. Duk wanda ya taɓa haya a saman bene a Sabon Gari ko Fagge ya san abin da nake faɗa.

Sai gilashin falon, wanda na san shi ne ya ja hankalinka. Farin gilashi yana barin kusan kashi 80 cikin ɗari na zafin rana ya wuce. Idan ya fuskanci yamma, tsakanin la'asar da magariba kowace murabba'in mita tana shigo da zafi kusan wat 500. Gilashi mai mita uku a faɗi, biyu a tsayi, zai zuba maka wat 3,000 a falo. Esi mai doki ɗaya da rabi ƙarfin sanyayawarsa wajen wat 3,500 ne. Ka ga ke nan na'ura guda sukutum za ta ƙare a faɗa da taga ɗaya, kafin a zo maganar rufi da bango da mutanen da ke zaune. Labule ba ya maganin wannan, don kafin rana ta taɓa labule ta riga ta shigo ɗaki. Inuwa daga waje ake yin ta.

Kuma ba kowace fuska ce ke da wahalar karewa ba. Bangon kudu da na arewa rana daga sama take zuwar musu, ɗan baranda ko leɓen kankare a saman taga ya wadatar. A watan Disamba rana takan karkata kudu, ta ɗan leƙo ta tagar kudu da hantsi, lokacin da ake maraba da ita. Daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta kuma ta koma arewa kaɗan. Gabas da yamma su ne matsala, domin rana a kwance take shigowa, ta ƙarƙashin kowace rumfa. Saboda haka a miƙar da tsawon gidan daga gabas zuwa yamma, manyan tagogi su kalli kudu da arewa, a tura banɗaki da sito da matakala su zama garkuwa a yamma. Zanen ƙaninka an yi shi ne bisa yadda titin gidansa ya kwanta. In aka ɗora shi a fulotinka ba a juya ba, babu mamaki falon gilashin nan ya buɗe baki yana kallon faɗuwar rana. Wannan gyara kuwa ba ya cin ko buhun siminti ɗaya, muddin a takarda aka yi shi. Tun ran gini tun ran zane.

Maganar bango ita ce ta fi daɗe tana damuna. Wata rana da azahar a bazara ka shiga Gidan Makama, ka tsaya a ɗaya daga cikin sorayen. Daga tsallake bakin ƙofa za ka ji kamar an zuba maka ruwa a ka, babu fanka babu komai. Ka dafa bangon ka ji shi da sanyi. Maginan da suka yi wannan da tubali da azara, suka ɗaura bakan gizo, suka shafe da makuba, sun san abin da littattafanmu suka zo suna lissafawa daga baya: bangon ƙasa mai kauri yana jinkirta zafi awa takwas zuwa goma ko fiye. Zafin azahar ba ya isa ciki sai dare ya yi, lokacin da waje ya huce. Ga 'yan tagogi ƙanana can sama, ga rufin soro mai nauyi, ga lungunan cikin gari ƙunci-ƙunci inda katangar wani ke yi wa ta wani inuwa. Muka bar wannan muka koma bulo mai inci shida mai rami a ciki, wanda rana ke ratsawa cikin 'yan awanni, muka rufa masa kwano.

Amma ba zan yaudare ka in ce ginin ƙasa ba shi da aibu ba, kuma a nan ne maganar gaurayen yanayi ta shigo. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, idan laima ta fara shigowa ruwa bai sauka ba, dare ya daina sanyi. A lokacin bango mai nauyi yakan cika ya rasa inda zai juye zafinsa. Shi ya sa iyayenmu suke fitar da tabarma tsakar gida su kwana a waje har ruwa ya sauka. A Agusta kuma, watan da ya fi ruwa, Kano takan zama 'yar ƙaramar Legas, ɗaki ya yi gumi, ana neman iska mai ratsawa. Ga yaɓen shekara-shekara, ga indararo da in ya toshe soro ya jiƙe. Mutane ba don wauta suka guje shi ba. Gidan Kano na yau dole ya iya abu biyu: ya rufe ruf da rana a rani, ya buɗe sosai da dare da kuma damina. Tagogi matsakaita masu fuskantar juna, masu rufuwa gam, da raga da ƙarfen tsaro yadda za a bar su a buɗe bayan isha'i hankali kwance, a rufe da hantsi kafin iska ta ɗumama. Ƙananan tagogi a sama kusa da silin suna fitar da zafin da ya taru. Luba mai fallen gilashi da ke aiki lafiya a kudu, a nan ba ta rufuwa da kyau, idan hunturu ya taso daga arewa maso gabas sai ka rubuta sunanka da yatsa a kan tebur kowace safiya.

A aikace, kada ka sauka ƙasa da bulo mai inci tara a bangon waje. Jan bulo na gashi ya fi shi, haka ma bulon ƙasa da ake matsewa da inji a ɗan sa masa siminti. Bangon yamma, in da hali, a yi shi biyu da rata a tsakani. Fenti mai haske a waje. Bangon gabas kuma a kula da filastarsa, don daga can hadarinmu yake tasowa.

Akwai wata garaɓasa da bushewar iska ta ba mu wadda Legas ba ta samu ba. Ruwa in yana bushewa sanyi yake bari, shi ne sirrin randa da tulu, kuma da shi ne marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yi tukunya cikin tukunya mai adana kayan miya har ya ci kyautar Rolex a 2000. Bishiya ma haka take yi. Darbejiya biyu ko mangwaro a yamma da gida, nesa kaɗan da tushen gini, da ɗan fili na ƙasa da ake yayyafa wa ruwa da yamma, suna sauke zafin tsakar gida yadda jiki zai ji. Abin takaici, yanzu sai a sare duk bishiyar da ke fuloti, a shimfiɗe gidan da intalok daga get har bayan gida, ya yini yana gasuwa, da dare ya huro wa tagogi.

Game da esi, in ka gyara rufi da tagogi za ka ga ƙaramin ya ishe ka. Ka nemi mai alamar T3, wanda aka gwada a zafin waje na digiri 46. Na gama-gari, T1, a digiri 35 aka gwada shi, shi ya sa yake kasala a daidai ranakun da aka fi bukatarsa a nan. Kan da ke waje a sa shi a inuwa inda iska ke wucewa, a riƙa wanke masa ƙura. Ka kuma yi wannan lissafi: na'ura mai cin kilowat ɗaya, awa takwas a rana, ta cinye yunit 240 a wata. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A a Afrilun 2024 ya haura naira 200 kowane yunit, kusan naira 50,000 ke nan a wata a kan na'ura ɗaya. In da sola za ka yi, kowane esi da ka rage ya rage maka faranti da batir na miliyoyi. Kuma ranar da babu wuta babu mai, gidan da aka yi wa rufi da inuwa yana zaunuwa, na gilashi kuwa sai a fito waje.

Ba sai ka jefar da zanen ƙaninka ba. Tsarin ɗakunan, in ya yi maka, a bar shi. Ka ce wa mai zanenka ya sa alamar arewa a takardar, ya nuna maka inda rana za ta faɗi a kan kowane ɗaki. Ya rubuta maka kason tagogi a kowace fuska. Ya zana yankan rufin yadda za ka ga kaurin abin tare zafi da kafofin iska, ya kuma sa su cikin lissafin kayan aiki da farashinsu, domin abin da ba ya cikin lissafi shi ne kafinta yake fara mantawa. In kana son gilashin nan dole, a mayar da shi arewa ko kudu, a ba shi baranda mai zurfin mita biyu, a rage tsayinsa.

Kafin ku zauna, ka je fulotin da kanka wajen ƙarfe huɗu na yamma, ka tsaya inda falon zai kasance. Ɓangaren da ka ji rana tana dukan kuncinka, ka kafa turke a wurin, ka nuna wa mai zanen ka ce nan ne banɗaki da sito.